Goro Huɗu

Shekara ashirin da uku na yi ina gyaran batirin mota a Obiagu, cikin garin Inugu, ban taɓa ɗaura agogo ba. Ba don ba ni da halin saye ba. Da goro nake auna lokaci. Idan direba ya matsa wa motarsa da kik har batir ya gaji ya koma ƙyas-ƙyas, sai in ce ya sauko ya bar shi ya huta. In ɓare goro ɗaya in sami wuri in zauna. Kafin in gama taunawa batirin ya farfaɗo, mota ta tashi. Wani Baturen loko, ma'aikatar jirgin ƙasa, ya taɓa auna ni da agogonsa har sau uku, ya ce goro ɗaya a bakina minti goma ne, ba ƙari ba ragi. Daga nan direbobi suka sa mini Gimba Goro-Ɗaya, sunan kuma ya bi ni har Anacha da Fatakwal.

Abin da ke sa batir ya farfaɗo, ban sani ba, ban kuma damu in sani ba. Jaki ma ai yana hutawa ya tashi.

Ramlatu ce ta zo mini da dalili. Ita ce babbar 'yata, a Obiagu aka haife ta, in ta yi fushi Ibonta ya fi Hausarta gudu. Na sa ta boko tare da 'ya'yan maƙwabta, ta yi ta cinye jarrabawa ɗaya bayan ɗaya har ta kai jami'a a Nsukka, tana karatun lissafi. Unguwa ta yi magana har ta gaji. Wanda bai gaji ba shi ne Muntaka Indabawa, dillalin goro a kasuwar Ochanja ta Anacha, abokina na shekara da shekaru, mai ɗaki a lungunmu in ya shigo Inugu. Duk inda ya gan ni sai ya ɗaga murya:

"Baban furofesa! An gama ƙirga taurarin kuwa? Nawa suka kama?"

Ni kuma in ce, "An kai dubu uku, sanƙonka ya haske musu ido suka rikice. Sa hula a sake farawa."

A hutun da ta zo gida daminar shekarar sittin da shida, ta same ni ina haɗa wa Idrisu batir. Idrisu direban motar katako ne, yana jigila tsakanin Anacha da Inugu da Fatakwal. Wanda bai taɓa buɗe batir ba, abin da ke ciki farantan dalma ne a jere, a tsome cikin ruwan asid, an toshe sama da kwalta. Na Idrisu na yi masa gata. Na samo farantan batirin jirgin ƙasa da aka yi gwanjonsu, kaurinsu ya ninka na mota sau biyu, na yanke su daidai akwatin. Irin wannan ba ya saurin mutuwa, sai ya ga bayan mota biyu.

Na tsoma tsinke a ruwan na ɗora a harshe, yadda na saba.

"Baba, me kake ɗanɗanawa?"

"Ƙarfinsa. In da tsami, da rai."

"Na sama kake ɗanɗanawa. Ba a nan ake aikin ba."

Na ce to a ina ake yinsa, Malama? Sai ta ciro wani littafi mai baƙin bango daga jakarta. Ta ce malaminta, wani Dokta Nwankpa, ya sa ta cikin aikinsa, kuma aikin a kan wannan abu nawa ne: yadda ruwan gishiri ko na asid ke yi in ya haɗu da ƙarfe mai wuta a jiki. Na leƙa littafin. Ba boko ba, ba ajami ba, wasu ƙugiyoyi ne da maƙalai kamar kaji sun bi ta kan taɓo.

Ta ce a cikin ruwan akwai wasu ƙwayoyi da ido ba ya gani, kowacce tana ɗauke da 'yar wuta, wasu irin ta jan kan batir, wasu irin ta baƙin kansa. Faranti mai wuta yana jawo waɗanda ba irinsa ba, su zo su yi sahu a fuskarsa, sahun da bai kai kaurin gashi ba ko an tsaga gashin gida dubu goma. Farantin kuma ba sumul yake ba, duk ramuka ne kamar soso, lungu cikin lungu. In aka yi kik, ƙwayoyin da ke cikin lungunan su ake cinyewa nan take. Ruwan waje yana nan da tsaminsa, na cikin faranti kuwa ya koma salam. Hutun da nake ba batir, ashe jira nake wasu su shiga su maye gurbi.

"Ashe 'yan dako ne," na ce. "Na ciki sun sauke kaya, ana jiran na waje su shigo."

Ta yi dariya. "'Yan dako ne, amma ba mai aikensu. Ka san Ochanja ranar da ta cika? A ture ka gaba, a ture ka baya, hagu, dama. Da turereniya suke isa. Mu kuma aikinmu mu lissafa yaushe za su isa."

Ta ci gaba da wani bayani kan nisa da lokaci, sai ga Idrisu yana danna oda a bakin titi, na miƙe. Gaskiya ban saurari sauran ba. A raina na ce abin da na daɗe da sani ne aka sa wa kwat da takalmi.

Bayan wata guda Idrisu ya dawo daga Fatakwal yana mita. Ya ce batirin ya gaji masa a bakin tashar jirgin ruwa, ya ba shi hutu mai tsawo, fin yadda na koya masa, bai tashi ba. Ya yi fushi ya tafi ya yi azahar, ya ci abinci, ya dawo ya taɓa, sai ga shi ya tashi. Na ce kik ɗinka ne ya tsufa, je ka a duba gawayinsa. Na manta da maganar.

Abin da ya biyo baya kowa ya sani. Aka yi ta'asa a Arewa a kan Ibo, jirage suka riƙa sauke musu 'yan'uwa a tashar Inugu, wasu da rai, wasu ba rai, wasu ba hannu. Na je tashar da kaina na gani, na dawo gida na ce wa matata Delu ta fara ɗaure kaya. Mutumin da ya ɗauko gawar ƙaninsa daga jirgi ba zai tambaye ka ko kai ne ka yi ba. Maƙwabtanmu na shekara ashirin suka fara gaishe mu suna kallon ƙasa. Wasu daga cikinsu kuma su ne suka riƙa zuwa a ɓoye suna ce mana ku tafi yau, kada ku kai gobe. Ramlatu ma Dokta Nwankpa ne ya kawo ta har ƙofar gida a motarsa, tana sanye da zanin matarsa da ɗankwalinta. Ya damƙa mata baƙin littafin nan, ya ce ta ci gaba da aikin duk inda ta sami kanta.

Muntaka ya iso daga Anacha da rigar jikinsa da ƙaramin kwandon farin goro, iyakar abin da ya tsira da shi daga rumfarsa ke nan. Da safe, bayan an ɗauke ruwa, muka cika motar Idrisu: mutum arba'in da ɗaya, yawanci mata da yara da tsofaffi. Maza masu ƙarfi mu bakwai ne, in ka sa ni a ciki. An ce babbar hanya ta ɓaci, sai muka bi ta Abakpa Nike, mu ɓulla ta baya.

Muna fita gari muka tarar da shinge. Masu shingen suka sauke mu, suka karɓe rediyo da agoguna, har na hannun Idrisu da na Muntaka. Allah ya sa akwai wani dattijo a cikinsu da na taɓa yi wa gyara. Ya dube ni ya kau da kai, ya ce wa yaransa su buɗe. Da na zo wucewa ya ce a hankali, "Papa Ramlatu, make una go quick," wato mu yi maza mu tafi. Ban jira ya maimaita ba.

Mun yi tafiyar kamar awa ɗaya da rabi, muka gangara wani kwari mai rafi, tudu gaba, tudu baya. A daidai gindin kwarin motar ta yi tari sau biyu ta mutu.

Ina can baya a matse cikin ƙullin kaya. Kafin in tsallake mata da tukwane in sauko, Idrisu ya yi kik sau bakwai. Ina ihu ina cewa bari, bari, tsoro ya toshe masa kunne. Na takwas ɗin, ƙyas.

Muka buɗe inji. Datti ne ya toshe filta, iska ta shiga bututun mai. Muka wanke, muka fitar da iskar da famfon hannu, bai ɗauke mu lokaci ba. Inji ya shirya, batir ya kwanta. Motar gas ce, ba ta da handul. Muka sauke kowa muka gwada turi, mu bakwai da mata masu ƙarfi, a jan taɓo, ana hawa tudu. Ko motsi ba ta yi ba.

Na ɗauko sifana na kwance kan batir ɗaya. Batirin yana gefen mota ƙarƙashin ƙofar direba. Na ce wa jama'a, "Ku saurara. Saura kik ɗaya a cikin wannan abu, shi ma sai ya huta. In muka ɓata shi, babu wani."

Ina cikin maganar wata tsohuwa ta fito daga rafi da kwandon rogo a ka. Ta tsaya ta ƙare mana kallo. Ramlatu ta je ta durƙusa ta gaishe ta da Ibo, ta ce mata Nne, wato uwa. Suka yi magana ƙasa-ƙasa. Da ta dawo fuskarta ta canza.

"Ta ce samarin ƙauyen da muka wuce sun ga motar ta tsaya. Sun tafi kasuwa kiran sauran. Ba za su daɗe ba."

"Ita me ya sa ta gaya mana?" in ji Muntaka.

"Ta ce ɗanta yana Jos, har yau bai dawo ba. Ta ce ko wata za ta gaya masa shi ma."

Tsohuwar ta hau tudu da rogonta, ba ta waiwayo ba.

Na yi lissafina a fili don kowa ya ji. "Batirin mota goro ɗaya ne. Wannan farantinsa ya ninka kauri, goro biyu ke nan. Minti ashirin. Kowa ya hau ya zauna."

"Huɗu ne, Baba."

Ramlatu ce, tana tsaye a bayana da littafinta a ƙirji. Ba ta taɓa katse ni a gaban mutane ba.

"Me kika ce?"

"Goro huɗu. In kauri ya ninka biyu, lokaci huɗu yake ninkawa." Ta tsuguna ta ɗauki kara ta ja layi a taɓo. "Wanda aka aika ya miƙe, in nisa ya ninka biyu, lokacinsa biyu ne. Waɗannan ba miƙewa suke ba, na gaya maka, turereniya ce. In taku goma ne tsakaninka da rumfa, sai an ture ka sau ɗari kafin ka isa. In taku ashirin ne, ba ɗari biyu ba ne. Ɗari huɗu ne. A goro biyu ba su kai tsakiyar farantin ba. Zai juya inji sau ɗaya ya mutu."

Muntaka ya cire hula ya buga a cinya. "La'ilaha illallahu! Gimba, ana zuwa yanka mu, 'yarka tana zane a ƙasa! Minti arba'in? Ai kafin nan an gama rabon kayanmu. Kai ne ka shekara ashirin kana wannan aiki ko ita?"

Idrisu ma ya sa baki, shi kuwa maganarsa da hujja. "Baba Gimba, injin yana hucewa. Motar gas in ta yi sanyi ta fi wuyar tashi. Duk minti ɗaya da muka ƙara, shi ma ci yake."

Idon mutum arba'in a kaina. Ni mutum ne da ban yarda da takarda ba. Na ga takardu da yawa a Inugu, masu hatimi, masu sa hannun manya, na kuma ga yadda suka ƙare. Hannuna na sani, da harshena, da haƙorana. Har na buɗe baki zan ce biyu, sai maganar Fatakwal ta faɗo mini.

"Idrisu, ranar da ya ƙi tashi a bakin tashar jirgin ruwa, hutun nawa ka ba shi?"

"Ya yi ashirin. Da agogo na duba."

"Da ka je salla da cin abinci fa?"

Ya ƙirga da yatsu. "Kamar arba'in. Ko ya ɗan fi."

"Ka kai kik ɗin an duba?"

"An duba. Suka ce lafiyarsa lau."

To ka ji. Ashe batirin da kansa ya riga ya faɗa mini, ni ne na ɗora wa kik laifi. Na juya na zauna daram a kan batirin, na riƙe sifana a hannun dama.

"Huɗu ne. Wanda yake son ya taɓa wannan batir sai ya ɗaga ni. Delu, ku rufe injin nan kada ya huce."

Delu ce ta fara cire mayafinta. Sauran mata suka biyo da zannuwa da barguna, har da zanen goyo, aka lulluɓe inji kamar mai jego. Sai kuma muka tuna babu agogo ko ɗaya a motar. Na laluba aljihu, goro ya ƙare mini tun jiya.

"Muntaka, buɗe kwandonka."

"Ni? Ni zan ba ka goron da za a kashe ni da shi?"

"Buɗe, ɗan'uwa. Huɗu nake so."

Ya buɗe yana zagin kakannina. Ya tona can ƙasa ya miƙo mini huɗu, na duba tafin hannuna, ƙanana ne kamar gurjiya.

"Kai, ɗan kasuwa! Har a nan? Waɗannan ai minti uku-uku ne." Na sa hannu cikin ganyen da kaina na zaɓo huɗu daidai girman waɗanda na saba. Wata tsohuwa a cikin mota ta yi dariya, dariyar ta koma kuka.

Na farko ya wuce lafiya. Farin goro ne mai kyau, wannan kam ba zan ci amanar Muntaka ba. Ban karya kumallo ba ranar, ɗacinsa ya sauka mini har ciki. Kowa ya hau mota sai ni da Ramlatu da Muntaka, Idrisu kuma yana zaune a kujerarsa, hannu a kan makulli.

Da na haɗiye na biyu, sai surutu ya tashi daga baya. Biyu ya cika, biyu ya cika, ai shi ya ce biyu da farko! Wani dattijo mahauci ya leƙo ya ce, "Gimba, ka ji tsoron Allah, da jikokina a nan." Na ɓare na uku.

Ina tsakiyar na uku muka ji ƙaho daga bayan tudun da muka gangaro. Nesa ne, amma ba nesa sosai ba. Aka sake busawa. Yara suka fara kuka, uwaye suna toshe musu baki.

Ramlatu ta durƙusa kusa da gwiwata. "Baba, kana sauri."

Na harare ta.

"Wallahi kana sauri. Ba haka kake tauna a shago ba. Tun ina rarrafe nake jin ka. Kakan tauna sau uku a dama, ka tsaya, ka mai da shi hagu."

Ni kaina ban san haka nake yi ba. Na rufe ido. Na kawo shagona a raina, bencin da ya karye ƙafa ɗaya, warin kwalta, mai ƙosan tsallaken titi tana faɗa da mijinta. Uku a dama. Tsaya. Hagu. Na yi aiki mai wuya a rayuwata, na ɗauki batirin jirgi a kafaɗa, asid ya cinye mini fatar hannu sau ba adadi, amma ban taɓa yin abin da ya kai tauna goro a hankali ana busa ƙaho a bayana ba.

Na ɓare na huɗu, ɓari ɗaya ya faɗi a taɓo, na ɗauka na goge a riga na jefa baki. Yanzu har waƙarsu muna ji. Muntaka ya cakumi wuyan rigata ya ja har ta yage.

"Tashi, Gimba! Don girman Allah tashi! In kai ka gaji da duniya, ni ban gaji ba!"

Na ɗaga masa sifana. Shekara talatin muna tare, ranar ce kaɗai na ɗaga masa hannu, ya kuma ga da gaske nake. Ya sake ni ya tsuguna ya dafe sanƙonsa yana salati.

Na cinye ɓari ɗaya, na sa na ƙarshe a baki, sai kawuna suka ɓullo a saman tudu. Ba zan ce ga yawansu ba, ban tsaya ƙirga ba. Na ga adduna suna ƙyalli. Tudun dogo ne kuma da santsi, amma gangara ce. Na dubi Ramlatu. Leɓenta ya bushe, idonta a kaina, ba a kansu ba.

"Ɗaura, Baba. Kafin ka gama ɗaurewa ya cika."

Na sauka na kankare kan batirin da bakin sifana har ya yi fari, na zura waya, na ɗaure tam, goro yana bakina. Delu da mata biyu suka diro suka yaye zannuwa daga kan inji suka watsa cikin mota. Na cilla Ramlatu gaba kusa da direba, na tura Muntaka a bayanta, na maƙale a ƙofa.

"Idrisu, sau ɗaya. In ka taɓa kada ka saki sai ta kama."

Ya yi bisimilla ya murɗa.

Injin ya juya sau ɗaya, da nauyi, kamar tsoho zai tashi daga tabarma. Ya juya na biyu. A na uku ya yi wani nishi ya kusa tsayawa. Na huɗu, na biyar, sai ta yi tari, ta yi wani, ta kama da ruri, baƙin hayaƙi ya turnuƙe kwarin. Ban taɓa jin ƙamshi irin na hayaƙin nan ba.

Tayoyi suka yi ta wulwula a taɓo kafin su ciji ƙasa. Muka fara hawa kamar kunkuru. Duwatsu suka riƙa sauka a kan katakon baya, ɗaya ya fasa madubin gefena, wani ya sami mahaucin nan a kafaɗa. Wani saurayi mai gudu ya kama ƙofar baya, matan suka yi ta dukan yatsunsa da muciya har ya saki. Da muka kai saman tudu Idrisu ya sa giya ta gaba, ban ƙara waiwayawa ba.

Bai kashe injin nan ba sai a Makurɗi. Ko da muka tsaya shan ruwa bayan mun shiga ƙasar Idoma, a kunne ya bar motar. A nan ne na sauka na yi amai a gindin wata bishiya, goro huɗu a cikin da ba komai ba wasa ba ne. Ramlatu ta kawo mini ruwa a kwano. Na kurkure baki na dube ta.

"Ke, gaya mini gaskiya. Kin san zai tashi?"

"Ban sani ba, Baba."

"Ba ki sani ba!"

"Lissafin bai ce zai tashi ba. Cewa ya yi a goro biyu ba zai tashi ba. Sauran kuma kai ka haɗa batirin."

Na ba ta kwanon na ce ta je ta duba uwarta.

Muntaka bai yi magana da kowa ba tun daga kwarin. Muna zaune a inuwa sai na ga ya miƙe da kwandonsa, ya gyara hula, ya nufi inda mata suke. Ya tona ya zaɓo mafi girma a ciki, ya rusuna, ya miƙa mata da hannu biyu, yadda ake miƙa wa liman.

"Malama, ga goro."

"Kawu, ai ka san ba na ci."

"Karɓi dai." Ta karɓa. Ya juya zai tafi, ya sake dawowa, ya rage murya, amma na ji shi. "Malama, taurarin nan... da gaske ana ƙirga su?"

Shekara uku da wani abu muka yi a Kaduna ana yaƙi. Ramlatu ta ƙarasa karatunta a Zariya, ta cika baƙin littafin nan har ta ƙara wani. Da aka buɗe hanya ta shiga mota ta tafi neman Dokta Nwankpa. Ta same shi da rai, ya rame har ba ta gane shi ba, takardunsa duk sun salwanta. Abin da ya rage na aikinsa a duniya shi ne wanda ta kai masa.

Ni kuwa na koma Obiagu na sake kafa benci. Direbobi na da suka fara dawowa ɗaya-ɗaya, wasu da ƙafa ɗaya, wasu da motar aro. Na farkon da ya gan ni ya daka tsalle ya rungume ni yana ihu, "Goro-Ɗaya! Kana nan?"

Na ce, "Ina nan. Amma wannan suna a gyara shi. Ya danganta da kaurin faranti."

Ya ce wa ya faɗa?

Na ce, "'Yata ce ta lissafa. Buɗe mu ga naka."